Benen kankare marar yaɓe: amsa ga mai tambaya daga Gesse

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke aiki a Landan ya turo mana hoton benen da ya kama haya a ciki, wani dogon gini na kankare zalla, ba filasta ba fenti, wai shi Trellick Tower. Da Baba ya gani sai ya ce wannan ai kurkuku ne, ko kuwa kuɗin masu shi ne ya ƙare ba su ƙarasa ba. Ni kuwa wallahi ya burge ni. Yaya ya ce can ma haka ake ta musu a kansa. Me ke kawo wannan saɓani? Kuma tunda haya sai hawa take yi a Birnin Kebbi, irin wannan gini zai karɓe mu?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaishe min da Baba, ka faɗa masa maganar da ya yi, Turawan da ke maƙwabtaka da ginin sun shekara hamsin suna yin ta. Kai ma da ya burge ka kana da jama'arka a can, har riguna da kofunan shayi suke bugawa da hotonsa. Ni zanen gine-gine na karanta a Zariya, na daɗe ina aikin tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma ina cikin masu son irin wannan gini. Gara in faɗa maka tun da wuri don ka san daga inda nake kallo. Sai dai son da nake masa bai kai in ce a kafa mana shi a Badariya ba.

Salon ana ce masa burutalizim. Kalmar daga Faransanci ta fito, béton brut, wato ɗanyen kankare, wanda aka kware katakon da aka zuba shi ciki aka bar shi yadda ya fito. To a kunnen mutumin Ingila kalmar ta yi kama da wata tasu mai nufin mugunta da rashin tausayi, ka ga ke nan tun ranar suna aka shafa wa yaron kashin kaji.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 biranen Turai da yawa sun zama kufai. Iyalai a cunkushe, ƙarfen gini ya yi tsada, gwamnatoci kuma na son gidaje dubbai cikin gaggawa. A wannan hali ne Le Corbusier, mai zanen gini haifaffen Suwizalan da ya koma Bafaranshe, ya gina wani ƙaton bene a birnin Marseille na Faransa tsakanin 1947 da 1952, mai gidaje 337, na kimanin mutum 1,600. Ya ɗora shi kan manyan ƙafafu na kankare don a riƙa wucewa ta ƙarƙashi, ya sa layin shaguna a tsakiyar benen, ya sa makarantar yara ƙanana da ɗan tafkin wasa a kan rufi. Yawancin gidajen sun ratsa ginin daga wannan fuska zuwa waccan, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Mutanen garin suka raɗa masa suna gidan mahaukaci. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Duk benayen da muke magana a kai, har da na yayanka, jikokin wannan ne.

Abin da masu wannan salo suka riƙe shi ne kada gini ya yi ƙarya. In kankare ne ke ɗauke da nauyin, a bari a gan shi. In ga matakala nan, a gane daga waje cewa matakala ce. Wannan ra'ayi bai kamata ya zame wa Bakabe baƙo ba. Ka je gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda ya kasance fadar sarki har 1942, ka dubi tsohon gini irin na da. Ƙasa ce, kuma ba ta ɓoye cewa ita ƙasa ce ba. Mu ne yanzu muka koma buga bulo marar siminti wanda in ya faɗi daga kan kura sai ya watse, mu lulluɓe shi da filasta, mu manna tayil mai sheƙi, mu kafa ginshiƙan ado a ƙofar gida waɗanda ba su ɗauke da nauyin komai.

Akwai wani tsohon magini a Argungu da muka taɓa gyaran wani soro tare. Wata rana muna hutawa na nuna masa hoton ginin Marseille a waya. Ya daɗe yana kallo, ya sa na ƙara wa hoton girma har layukan katakon suka fito a jikin bangon, sai ya ce, "Wanga sawun katako na? Ashe su ma suna barin hannunsu ga gini." Ya gane abin nan take, domin shi ma in ya yi yaɓe sawun yatsunsa na nan a bango. Can kuma sai ya tambaye ni, "To wa ka yi mai yaɓe in damana ta wuce?" Na yi dariya na ce Baba ai kankare ba ya son yaɓe. Ya girgiza kai ya ce shi bai taɓa ganin ginin da ba ya son hannu ba. A lokacin na ɗauka rashin sanin siminti ne. Daga baya na gane cewa tarihin waɗannan benaye gaba ɗaya yana cikin tambayar tasa.

Kafin mu je can, bari in gyara wa Babanka zato ɗaya. Barin kankare tsirara ya fi yi masa filasta wuya, sau da yawa ma ya fi tsada. Duk wanda ya tsaya wurin zuba dekin ya san abin da ke fitowa in an cire katako: ramuka kamar saƙar zuma inda ba a girgiza kankaren sosai ba, tabon inda aka tsaya cin abinci aka dawo aka ci gaba da zubi, gefen da katako ya buɗe ya kumbura. Mu nan birkila ke zuwa ya rufa wa kowa asiri. A wancan salo babu mai rufa asiri. Sai an zaɓi katakon, an daidaita haɗin yashi da tsakuwa iri ɗaya daga tushe har sama don kada launi ya bambanta, an tsara inda kowane zubi zai tsaya. A rukunin gidajen Barbican da ke tsakiyar Landan, wanda aka gina tsakanin 1965 da 1976 a filin da bama-baman Jamus suka share, ma'aikata ne suka bi bangayen da guduma suna sassaƙa fuskar kankaren har tsakuwar ciki ta bayyana. Na taɓa shafa bangon da hannuna, kaushinsa kamar dutsen niƙa da aka yi wa sabon sassaƙa. Mai ƙarancin kuɗi ba ya wannan aiki.

Abin da ke jan mu masu son sa ke nan: nauyi, da inuwa, da aikin hannu. Gini ne da rana ke yi wa ado. Da hantsi barandodin su jefa inuwa mai kaifi, da la'asar ta juya, fuskar ginin ta sake kamar wani ne daban. Kuma cikin gidajen, abin da mai wucewa ba ya gani, galibi suna da faɗi da haske fiye da gidajen da ake ginawa yanzu don sayarwa.

Masu ƙin sa su ma ba makafi ba ne. Kankaren da ya yi kyau a hasken ranar Marseille, da aka kai shi Ingila inda sama ke wuni a murtuke ana yayyafi, sai ya yi duhu, ruwa ya zana masa baƙaƙen hawaye daga kowace taga, gansakuka ta kama. Har Sarki Charles, tun yana yarima, ya taɓa kwatanta babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, wanda aka yi da wannan salo, da tashar nukiliya. Ga kuma ciwon da ke cin sa daga ciki. Sabon kankare yana da kaifi irin na ruwan toka, wannan kaifin ne ke hana rodi tsatsa. Iskar kabon da ke cikin sarari tana kutsawa ta ƙananan ƙofofin kankaren a hankali, shekara bayan shekara, tana kashe kaifin. Ranar da ta kai ga rodi kuma danshi ya same shi, sai tsatsa ta fara. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri ninki-ba-ninki, don haka sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki ya tsage ya ɓantare. Shi ya sa za ka ga muna faɗa da leburori kan waɗancan 'yan gutsattsarin da suke ce wa biskit, masu ɗaga rodi daga kan katako. Santimita 3 zuwa 4 na rufin kankare a wurin da ke shan ruwa da rana shi ke raba ginin da zai ga jikoki da wanda zai fara zubar da haƙora yana da shekara ashirin. Benaye da yawa na wancan zamani an yi su cikin sauri ba a kiyaye wannan ba.

Duk da haka ni ban yarda launin kankare ne ya sa aka tsani waɗannan gidaje ba, kuma ginin yayanka shi ne hujjata.

Trellick Tower hawa 31 ne, gidaje 217, an gama shi a 1972 don talakawa masu hayar gidajen gwamnati. Wanda ya zana shi, Ernő Goldfinger, ɗan asalin Hangari, ba mutumin wasa ba ne. Ka sake duba hoton, za ka ga wata siririyar hasumiya a gefe da gadoji ke haɗa ta da babban ginin bayan kowane hawa uku. Nan ya tattara lif da matakala da hanyar zuba shara, don hayaniyarsu da warinsu su yi nesa da ɗakunan kwana. Kafin wannan ya gina ɗan'uwansa a siffa, Balfron Tower, a gabashin Landan, kuma a 1968 ya tare a ciki shi da matarsa wata biyu yana jin koken mazauna. Amma da aka buɗe Trellick sai hukumar da ke da ginin ta ƙi sa mai tsaron ƙofa. Ƙofar ƙasa a buɗe ga duk wanda ya ga dama. 'Yan ƙwaya suka mayar da matakala mafaka, aka riƙa fasa kayan wuta da na kashe gobara, lif ya lalace a bar tsohuwa da hawa ashirin a gabanta, aka yi ta kai wa mata hari a lunguna. Jaridu suka sa masa suna hasumiyar firgici, mutane suka riƙa ƙin karɓar gida a ciki.

A tsakiyar shekarun 1980 mazauna suka kafa ƙungiya suka matsa lamba. Aka sa ƙofa mai kulle da na'urar magana da baƙo, aka ajiye mai tsaro dare da rana. Siffar ginin ba ta canza ba, launinsa bai canza ba, amma a 1998 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe, yau kuma gidajen cikinsa da suka shiga kasuwa sai mai hannu da shuni. Ka tambayi yayanka nawa yake biya, za ka sha mamaki.

Barbican da na ambata bai taɓa faɗawa wannan rami ba, alhali kankarensa ya fi na kowa kauri da duhu. Gidaje kusan 2,000 ne, amma tun farko masu albashi mai tsoka aka yi wa su, ana karɓar kuɗin kula da gini, akwai masu gadi da masu shara da masu ban ruwan furanni. A garin Sheffield na Ingila kuwa akwai Park Hill, gidaje 995 da aka gama a 1961, inda aka yi barandodi masu faɗin da motar raba madara ke bi, aka kira su titunan sama, har aka yi ƙoƙarin zaunar da tsofaffin maƙwabta kusa da juna. Da farko mutane sun yi murna, domin daga gidajen da ba banɗaki a ciki suka fito. Da masana'antun ƙarfe na garin suka durƙushe a shekarun 1980, aiki ya ƙare, kuɗin gyara ya ƙare, titunan sama suka zama wurin da ake tsoron bi da dare.

A nan Afirka ma an gani. Ponte City a Johannesburg, wani dogon bene mai siffar rumbu da rami a tsakiyarsa tun daga ƙasa har sama, tsayinsa mita 173, an gama shi a 1975 a matsayin gidan 'yan gayu. Da unguwar ta lalace masu kula suka janye, sai mazauna suka riƙa jefa shara cikin ramin har ta taru ta kai hawa da dama. A shekarun 1990 har shawara aka kawo a mayar da shi gidan yari, ka ga Baba bai yi nisa da gaskiya ba. Daga baya aka kwashe sharar, aka sa tsaro a ƙofa, mutane suka dawo.

Akwai wani ɓangaren musun da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi ci min rai. Yawancin masu yabon waɗannan benaye yau zaɓa suka yi, ko kuma daga hoto suke kallo. Waɗanda suka sha wuyarsu kuwa takarda aka ba su aka ce ga gidanku. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da salon ya dawo yayi, sai aka gyara Balfron aka fitar da shi kasuwa, masu hayar da ke ciki aka watsa su wasu wurare. Yawancin Park Hill da aka sabunta shi ma ya koma hannun masu iya saye. Robin Hood Gardens, wani rukunin gidajen hayar gwamnati a gabashin Landan wanda Alison da Peter Smithson suka zana aka gama a 1972, manyan masu zanen gini sun yi ta roƙon a bar shi, mazaunansa sun rabu biyu, a 2017 aka fara rusa shi. Sai gidan tarihi na Victoria da Albert ya yanki wani ɓangare mai hawa uku ya ajiye. Bangon ya samu matsuguni na dindindin a Landan, mutanen da suka rayu a bayansa kuwa kowa ya kama gabansa. In ka ji talakan can na tsine wa ginin, sau da yawa wannan yake tsine wa.

To mu dawo gida.

Shekarun baya an kira ni duba wani bene mai hawa uku na ma'aikata a wani gari a jihar nan, gidaje 12. Duk gidan da na shiga tas yake, ga labule, ga kafet, ga ƙamshin turaren wuta. Da na fito matakala kuwa, ba ƙwan fitila ko ɗaya, an ɗaure awaki biyu a ƙarƙashinta, kuma bututun banɗakin hawa na uku ya fashe yana tsiyaya a jikin ginshiƙi tun ba a san yaushe ba. Wurin ya yi kore, kankaren ya ɓantare, na sa mabuɗin mota na ƙwaƙuli rodin yana zubowa kamar garin barkono. Na tambayi na sama ya ce shi ruwan bai dame shi ba. Na tambayi na ƙasa ya ce bututun ba nasa ba ne. Na tsakiya ya ce ya rubuta takarda ofis sau biyu. Gyaran da da farko bai wuce guntun bututu da aikin yini ɗaya ba, ya koma sai an tokare ginin da ƙarafa an sake ginshiƙi. Hawa uku ke nan fa. Ka ninka shi sau goma, ka ƙara lif da famfon tura ruwa.

Nan ne maganar tsohon maginin nan ta dawo min. Mai gidan ƙasa ya san ginin nasa bashi yake bin sa duk shekara. Kafin ruwa ya sauka za a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓen bangon gabas da hadari ke duka, mai hali ya sa laso ko makuba. Kuma akwai mai gida da zai ce a yi, a yi. Kankare da ya zo sai ya zo da alƙawarin cewa an huta, mu da Turawan duka muka yarda. Ga shi bene ya tara baƙin juna arba'in ko ɗari biyu a kan tushe ɗaya, rufi ɗaya, bututu ɗaya, babu mai gida.

Sai zafi. A watan Afrilu Birnin Kebbi na haura digiri 40. Kankare na shan zafin rana wuni guda ya adana, da dare ya riƙa sako shi cikin ɗaki. Duk wanda ya taɓa kwana a hawa na ƙarshe ƙarƙashin dekin da ba a yi masa rufi ba ya san zancen, ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka taɓa bango ka ji shi da ɗumi kamar gefen tanda. Soron ƙasa shi ma yana adana zafi, amma yana da kauri kuma zafin na ratsa shi a hankali, sannan mutanen gidan ai tsakar gida suke shimfiɗa tabarma a bazara. Wanda ke hawa na 20 ina zai shimfiɗa tasa in wuta ta ɗauke?

Tsakar gidan nan ita ce babbar matsalar, fiye da zafi. Gidan Bahaushe rabinsa a sarari yake. Nan ake daka, nan ake hura gawayi, nan ake shanya, nan ragon layya ke kwana, nan mata ke sakewa ba mayafi ba idon baƙo, zaure kuma ya tare namijin da ba muharrami ba tun daga ƙofa. A sa turmi a hawa na uku a fara dakan fura, duk wanda ke ƙasa zai ji shi a tsakiyar kansa, domin kankare na kai sauti ta cikin ginshiƙai har tushe. Baranda mai buɗewa irin ta Park Hill, inda kowa ke wucewa ta bakin tagar kowa, a nan sati guda za a yi kafin a toshe ta da langa-langa ko zana. Ba ƙauyanci ba ne, ginin ne bai tambayi yadda mutanen ke rayuwa ba. Gidanmu kuma yana girma da iyali: yaro ya yi aure a yanka masa sashe, mai gida ya rasu a ja katanga a raba gado. Gidan bene yadda aka zuba shi haka zai mutu. Akwai ma abin da ban taɓa gani a littafin koyon zane ba sai a aiki: makara. Na ga matakalar da aka matse ta har sai da aka sauko da gawa a hannu cikin tabarma saboda makara ta kasa juyawa a kwana. Tun ranar, duk benen da na zana sai na auna wannan juyi.

Ta fuskar kuɗi ma dogon bene ba ya sauƙaƙa haya a gari irin namu. Da zarar ka wuce hawa huɗu ka shiga hidimar lif, da janareta ko sola mai ƙarfin ɗaga shi, da injin tura ruwa sama, da tushe mai zurfi, da hanyar tsira ta biyu in gobara ta tashi. Landan ta jure wannan ne saboda fili ya fi gini tsada a can. Mu har yanzu siminti da rodi ne ke cin kuɗin, duk da kamfanin siminti na Kalambaina na nan kusa da mu a Sakkwato. Ba ina cewa mu ci gaba da bazuwa muna cinye gonaki muna gini a hanyar ruwa ba, wanda ya ga ambaliyar 2020 ba zai so haka ba. Amma tsakanin gida mai fili ɗari bisa ɗari da hasumiya mai hawa 31 akwai wuri mai faɗi da ba mu taɓa ba.

Da wani zai ba ni fili a Birnin Kebbi ko Gusau ya ce in yi gidajen haya masu yawa, hawa uku zan yi, in ya matsa huɗu, a kewaye da fili na tsakiya mai bishiyoyi. Dogayen fuskokin ginin su kalli kudu da arewa, gabas da yamma su zama gajerun bangaye marasa tagogi da yawa. Kowane gida ya ratsa ginin don iska ta wuce, ya kuma samu baranda mai zurfi mai faɗin ƙaramar tsakar gida, da bangon bulo mai huji da zai bar iska ya tare ido. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, ka dubi ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, waɗanda kuma suka yi aiki da Le Corbusier a Chandigarh ta Indiya inda rana ke dukan gini kamar tamu. A saman dekin in ɗora rufin kwano mai tazara don inuwa, in bar wani sashe a buɗe da katanga mai tsayi don kwanan bazara. Wurin daka da girkin biki da ɗaure dabba a ƙasa. Kankaren ginshiƙai da na barandodi zan so in bar shi tsirara in na samu kafintan da zai iya, domin ƙurar hunturu ta fi yi wa farin fenti illa fiye da yadda take yi wa kankare, kuma busasshiyar iskarmu ta fi ta Ingila tausaya wa rodi. Tsakanin ginshiƙan kuma jan bulo na ƙasa, wanda ido ya saba da shi.

Kuma ba zan sa hannu a zanen ba sai mai ginin ya nuna min a rubuce wa zai riƙa sayen ƙwan fitilar matakala, wa zai kwashe sokawe, nawa kowane ɗan haya zai riƙa bayarwa a wata, da ɗakin mai gadi a bakin ƙofa ɗaya tilo da kowa zai bi. Na taɓa rasa aiki saboda wannan sharaɗi, mai kuɗin ya ce ni zane aka ce in yi ba shari'a ba.

Ka ce wa yayanka hoton da ya turo na masu yawon buɗe ido ne. Ya ɗauko muku cikin lif, da ɗakin zuba shara, da ƙarƙashin baranda inda rodi ke fara leƙowa, da teburin mai tsaron ƙofa da ƙarfe biyun dare. Ya kuma tsaya a falonsa da la'asar ya ɗauko abin da ake hangowa ta taga. Sai ka kai wa Baba su duka ku sake zama.